Batir Mai Sunan Ubansa

Ni dai a ganina, duk cikin kayan aikinmu na masu ɗaukar hoto babu wanda ya kai batir iya tozarta mutum a bainar jama'a. Gilashin kyamara in ya tsage, tun daga gida ka sani. Katin ajiya in ya cika, sai ka goge hotunan sunan makon jiya ka ci gaba da aiki. Shi kuwa batir haƙuri gare shi. Yakan jira sai waliyyin ango ya buɗe baki zai ce ya karɓa, ko sai sarki ya kawo daidai inda ka yini kana tsaron wuri ranar Hawan Daushe, sannan ya ƙyafta jan ido sau biyu ya ce ga garinku nan. Abin da ke biyo baya kowa a cikinmu ya san shi, sai dai ba ma faɗa a gaban masu biki: mutum ya ci gaba da ɗaga matacciyar kyamara yana tsugunawa yana miƙewa, yana cewa “Hajiya a ɗan matso, amarya a ɗago kai,” alhali babu abin da ke shiga ciki sai iska. Bayan mako guda kuma a ɗora wa kwamfuta laifi, a ce ita ta cinye hotunan. Saboda haka babu gardama a kan cewa mai hoto yana buƙatar batir na biyu da na uku. Gardamar tana kan wanne zai saya, kuma hukuncina shi ne ya sayi mai araha, amma wanda ya yarda ya rubuta sunansa na gaskiya a goshinsa.

Kuɗi ne ya jawo maganar tun farko. Batirin Canon ƙirar LP-E6NH, wanda ya fito a 2020 tare da kyamarorin R5 da R6, an riƙa sayar da shi kusan dala 80 a Amurka. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta nemi matsayinta da kanta, har dala ta riƙa kaiwa wajen naira 1,500 a 2024, wannan ɗan abu mai nauyin kimanin giram 80 ya zarce albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ɗin, kafin ma a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. Ka ce wa yaron da ya fara aiki da tsohuwar 600D ko D3100 ta hannu ya sayi batirin kamfani guda biyu, ka ce masa ke nan ya ɗauki bukukuwan unguwarsu kyauta har damina ta zagayo. A ɗaya ɓangaren kuma akwai kamfanoni irin su Wasabi Power da Neewer da Patona da Jupio, masu yin batir daidai ramin kyamararka, su sayar maka da biyu har da caja a kuɗin da sau da yawa bai kai na asalin guda ɗaya ba.

Inda muke faɗawa rami shi ne zatonmu cewa batir iri biyu ne a kasuwa, orijinal da ɗan Caina. Iri uku ne. Akwai na kamfanin da ya ƙera kyamara. Akwai na wani kamfani daban da ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro, ya ce ni wane ne, na yi wannan don ya shiga kyamara kaza. Sai na uku, jabu, wanda ya ari rigar na farko, da tambari da kwali da ɗan hatimi mai walƙiya, ya zauna a kanta yana jiran mai rabon wahala. Kusan dukkansu daga Asiya suke, don haka tambayar “ɗan ina ne” ba ta raba gardama. Na biyun yana da suna da zai kare, in batiransa suka riƙa kumbura masu saye za su guje shi. Na ukun ba shi da abin da zai rasa, domin in ya mutu wani za a zaga. Abin dariyar shi ne mu da kanmu muke neman jabun. Mai shago a Alaba ko Kwamfuta Bilej ta Ikeja ko Titin Beirut a Kano zai nuna maka mai sunan gaskiya, ka yatsina fuska ka ce kai orijinal kake so, amma a kuɗin da ka riƙo. Shi kuma ba zai bar ciniki ya wuce shi ba. Sai ya sunkuya ƙarƙashin kanta, ya rage murya, ya ce, “Alhaji, wannan don kai ne kawai, kwalin ne ya ɗan yage a hanya.” Ka biya ninkin kuɗin mai gaskiya, ka fito kana murmushi kana ganin ka cuci ɗan kasuwa.

Lambar da ke jikin batir ma takan tona asiri ga wanda ya tsaya ya yi lissafi. A cikin LP-E6, kakan LP-E6NH ɗin nan, ƙwayoyin litiyam biyu ne aka jera, kowace tana ba da bolt 3.6, suka haɗu suka ba da 7.2, sai ɗan allon lantarki mai hana caji wuce kima. Lokacin da ya fito a 2008 tare da 5D Mark II, abin da yake ɗauka 1800 mAh ne. A 2014 aka sabunta shi ya koma 1865. A 2020 ya kai 2130. Wato kamfani mai injiniyoyi da ɗakunan gwaji ya shafe shekara 12 kafin ya iya cusa ƙarin 330 a cikin wannan ɗan ƙoƙo. Haka Nikon ta yi da EN-EL15, daga 1900 a 2010 zuwa 2280 a ƙirar da ta zo daga baya. Sai ga wani batir marar adireshi, girmansu ɗaya, an buga masa 2800 ko fiye, kuma a rubu'in kuɗi. In da gaske ne, ai da masu bayar da kyautar Nobel, da suka karrama mutum uku a 2019 saboda batirin litiyam, sun nemo mai wannan shago sun ƙara da shi. Tawada ba ta da tsada, shi ya sa lambar ke hawa. Nauyi kuwa ba ya ƙarya sosai. Ka ɗora wanda ya zo da kyamararka a sikelin masu sayar da zinare, ka ɗora sabon, in ka ga tazara mai yawa ka san an rage wani abu a ciki. Ko kamfanonin masu suna sukan ɗan ƙara gishiri a lambarsu, ban wanke su tas ba, sai dai tsakanin ƙarin gishiri da tatsuniya akwai tafiya.

Masu adawa da ra'ayina sukan fara da cewa ai kyamara da kanta ba ta son baƙon batir. Gaskiya ne, kuma abin yana da ban haushi. Wasu kyamarorin Canon in ka sa musu batirin da ba su gane ba, sai rubutu ya fito a fuska suna tambaya ko batirin nan yana ɗauke da tambarin gidansu, tamkar dattawan gidan amarya sun zaunar da manemi suna binciken asalinsa, kai kuma kana tsaye da gumi kana amsawa a madadinsa ana kiran a zo a ɗauki hoton dangin ango. A 2009 Panasonic ta fitar da sabuwar manhajar cikin wasu kyamarorinta wadda ta hana su aiki da batirin da ba nata ba, ta ce don kare masu amfani ne. Da yawa daga kwaikwayon batirin Canon ƙirar LP-E17 sukan yi aiki amma ba sa nuna saura nawa, kuma ba sa caji a cajar kamfani sai tasu. Duk wannan na yarda. Abin da yake nunawa shi ne a je kasuwa da kyamarar, a zura batirin a gaban mai shago, a ga ko ta karɓe shi, ko tana nuna adadin cajin da ya rage. Bai nuna cewa duk batirin waje mugu ne ba. Kamfanin da ke samun riba mai kauri a kan batir yana da dalilai biyu na tsoratar da kai, kuma ɗaya ne kawai ya shafi lafiyarka.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta wuta da kumburi. Batir mai kyau yana da ɗan ma'aunin zafi da ke gaya wa caja ta dakata in abu ya yi tsanani, kuma a cikin mafiya arha akan tarar an maye gurbinsa da abin da kullum ke cewa lafiya lau. Irin waɗannan ne ke kumbura a cikin kyamara su ƙi fita, ka ga babban mutum da babbar riga a bayan rumfar biki yana girgiza kayan dubban ɗaruruwan naira, yana zungura da tsinken tsire, ana tambayarsa lafiya yana cewa saiti yake yi. Wannan haɗari ne na gaske, kuma shi ya sa nake cewa a guji marar suna da mai sunan aro. Sai dai tambarin babban kamfani ma ba laya ba ne. A 2012 Nikon ta janye wani rukuni na EN-EL15 saboda yana iya yin zafi har ya lanƙwasa jikinsa. A 2016 Samsung ta janye wayar Galaxy Note 7 baki ɗaya saboda batirinta na kamawa da wuta. Bambancin shi ne waɗannan an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kuma wannan gata mai ƙaramin suna ma yana da ɗan rabonsa a ciki, jabu ne kawai ba shi da ƙofa. Masu cewa batirin waje yana ɓata garanti kuwa, sai su fara nuna mini takardar garantin. Yawancin kyamarorin da ke yawo a bukukuwanmu sun yi iyayen gida biyu ko uku a Turai kafin su hau jirgi.

Akwai kuma masu wayo, waɗanda suka ce su ba sabon kamfani ba jabu, tsohon orijinal za su nema, folo-kom, wanda aka ciro daga wata kyamara ta hannu. Nan ma sai na yi dariya. Batirin litiyam yana tsufa ko ana aiki da shi ko yana kwance a aljihun tebur, kuma bayan caji ɗaruruwa ƙarfinsa yakan ragu sosai. Folo-kom ɗin da ya zo da kyamarar 2012 asalinsa ba shakka a kansa, amma dattijo ne, hoto kaɗan zai yi ya nemi wurin zama. Ga shi mu ma muna taimaka wa tsufan. Zafi shi ne babban abokin gabar litiyam, mu kuwa a watan Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato da Yamai ke haura digiri 40, muke barin jakar kyamara a cikin mota a rufe mu shiga cin abincin walima. Mu bar batir a caja kwana da kwanaki don ba mu san yaushe za a kawo wuta ba, ko mu tatse shi ƙarƙaf mu jefa a jaka wata biyu, alhali abin da ya fi masa shi ne a ajiye shi da kimanin rabin caji a wuri mai sanyi. In za a kashe batir da irin wannan riƙo, gara a kashe mai sauƙin kuɗi.

Wanda kyamararsa ta zamani ce mai karɓar wuta ta USB, fawa-bank zai rage masa tafiya, kuma masu bidiyo sun daɗe suna amfani da batirin bogi mai igiya da ake jonawa da babban batir a waje. Amma mai bin dawaki da gudu ba zai so igiya tana lilo a ƙugunsa ba.

Don haka ga abin da nake ba ɗan'uwana mai hoto shawara. Ka bar na kamfani guda ɗaya a cikin kyamara don lokacin da ba a maimaitawa, wato ɗaurin aure da raɗin suna. Ka sayi biyu masu sunan kansu, ka duba lambar ƙirar da ke jikin tsohon naka harafi da harafi, domin LP-E8 da LP-E10 ba sa shiga ramin juna duk rantsuwar mai shago. Ka rubuta musu lamba da watan saye, ka gwada kowanne a gida ka ga hoto nawa yake yi kafin ka kai shi gaban surukan wani, wanda ya fara ciki kuma ka sallame shi ranar. In sautu za ka bayar daga Dubai ko Gwangzo, ka gaya wa ɗan aiken ya sa su a jakar hannu, don dokar jiragen sama ba ta yarda a sa batirin litiyam na ajiya a kayan da ke shiga ƙarƙashin jirgi ba. In kuma mai shago ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya rage murya ya ce don kai ne kawai, ka yi masa fatan alheri ka wuce shago na gaba.