Dakta Mai Jiran Gado, Ka Iya Zama da Mutane?

Sannu da ƙoƙari, Dakta mai jiran gado. Na ga ka rame, kundin bincike ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sufabaiza kuma ya yi tafiya bai bar sallahu ba. Duk da haka zan ɗora maka wani kwas a kan kayan da kake ɗauke da su: koyon aiki da wanda yarenku ba ɗaya ba, addininku ba ɗaya ba, da mace, da wanda ba ya gani ko ba ya ji. Daina hararata, ban gama ba.

Ka ce me? Wai bidi'ar Turawa ce aka kwaso daga Amurka za a jibge mana? Subhanallahi! Turawan ne suka zuba mana harsuna sama da 500 a Najeriya? Su suka rubuta sashe na 14 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana a cika gwamnatin tarayya da 'yan jihohi kaɗan ko ƙabila guda? Hukumar raba daidai a guraben aikin tarayya da aka kafa a 1996, a Abuja ofishinta yake. Sai dai iyakar hukuma ta ƙirga mutum nawa aka ɗauka daga kowace jiha, ta kawo maka ɗan Bayelsa har gefen teburinka, ta kama gabanta. Yadda za ku kwashe da shi daga ƙarfe takwas zuwa huɗu, kai aka bar wa.

Ka ce ai ka yi bautar ƙasa, ka ga duniya. Madalla. Janar Gowon ya kafa ta a 1973, shekara uku da gama yaƙin basasa, don irinka su san ƙasarsu. Aka tura ka Ebonyi, ka yi mako uku a sansani, ka lalubo takardar likita aka maido ka Kano. Ba kai ba ne? Afuwan, abokinka ne ke nan. To a ce ka yi shekarar cif. A masaukin 'yan uwa ka kwana, wurin mai shayi ɗan Sakkwato ka karya, a unguwar Hausawa ka yi hira. Ka tafi da Fagge a aljihu, ka dawo da abarka ko ƙwarzane babu.

Zo mu leƙa taron rukuninku na bincike. Ku shida ne: huɗu masu jin Hausa, ɗaya ɗan Binuwai, ɗaya Bayarabiya daga Ilori ta zo ba ta daɗe ba. Da Turanci aka fara, lafiya lau. Da aka iso wurin nama, wato wa zai gabatar da takarda da yadda za a kasafta kuɗin fita tattara bayanai, sai Hausa ta ɓarke. Aka yi muhawara, aka ƙyalƙyale da dariya, har da tafawa. Su biyun suna ta murza biro suna kallon silin. Can aka juyo da Turanci aka shaida musu cewa an cimma matsaya. Ka ce ba da gangan ba ne, harshe ne ya zame? Na yarda. Amma ranar da harshen wasu ya zame zuwa Yarbanci a gabanka a Legas, wane suna ka ba abin? Har gida ka bugo waya kana cewa ƙabilanci ya kashe ƙasar nan. Gwanintar da nake maka talla ba ta wuce wani ya ce "ku dakata mu maimaita yadda kowa zai ji" kafin a yanke hukunci ba.

Wa ya rubuta bayanin taron? Ita. Makon jiya fa? Ita. Wai "kin fi mu kyan rubutu." A kwamfuta ake bugawa, Malam! Ita ta fi ku maki a lissafin ƙididdiga, amma ita ce ta rubutu, ita ce ta sayo lemo. Sannan ka sa taro na gaba ranar Lahadi da hantsi, don ranar kowa yana gida. Kowa wa? Da wani ya sa shi ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a, da har ofishin shugaban sashe ka kai ƙara.

Ka ce mu da muka gaji barkwanci kaka da kakanni, wa zai koya mana zama da baƙo? A nan kam ka taɓo inda nake so. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe: a zagi juna tas, a tashi ana dariya, kuma ba ƙaramar hikima ba ce. Amma tana da sharaɗi: wanda ka tsokana yana da damar ramawa. Gobe idan ka zama oga ka kira ƙaramin ma'aikaci bawanka a gaban jama'a, alhali kai ke sa hannu a takardar hutunsa da ta ƙarin girmansa, da wane bakin zai rama? Zai yi dariya, ba shakka. Dubi haƙoran da kyau, yaƙe ne.

Masu buƙata ta musamman kuwa, na san amsarka tun ba ka buɗe baki ba: ai muna tausaya musu. Wa ya ce maka sadaka suka zo karɓa? A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci. Ta ce hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun 2024. Kai kuma ka kama ɗakin taro a hawa na biyu, samari huɗu suka ciccibi abokin karatunku da kekensa, suna nishi yana ba su haƙuri, ka ce an yi zumunci. Ga ɗaki nan a ƙasa a kulle, makullinsa na wurin masinja. Abokinku makaho kuma ka ɗauki hoton takarda da waya ka tura masa ta WhatsApp, alhali manhajar da ke karanta masa rubutu ta fi gane rubutun da aka buga. Da fayil ɗin ka tura, da ya riga ka gama karantawa.

Ka ce kai dai cancanta ka sani, sauran duk surutu ne. Ni ma ita na sani. Sai dai ofis ba ɗakin jarrabawa ba ne da kowa zai rufe takardarsa da hannu. Rahoto ɗaya mutum biyar ke haɗa shi, kuma wanda aka saba yi wa shawara a bayan kunne, ranar da ya hango kuskure a lissafinka shiru zai yi, ya bar ka ka kai wa manya a haka.

To ina ake koyo, tunda babu shi a jadawalin darussa? In an ce ku rabu rukuni-rukuni, kada ka ruga wurin 'yan garinku. Mutumin Binuwai ɗin nan da ka shekara biyu kana kira "Mista" don ka kasa riƙe sunansa, je ka ce ya faɗa maka shi a hankali. Ka ce sunan da wuyar faɗi? Kai da ka haddace 'yan wasan Arsenal kaf har da na benci, kuma ban taɓa jin ka yi tuntuɓe a Aubameyang ba?