Yadda Na Sabunta Kwamfutata Har Ta Zama ta Wani

Malaman fiƙihu sun yi dogon bahasi a kan kafa'a tsakanin miji da mata kafin ɗaurin aure, amma ban taɓa jin wanda ya faɗaɗa babin har ya shafi ƙarafa ba, alhali kuwa, bisa abin da idona ya gani a Dogon Dutsi, babu zuriyar da ta kai kayan cikin kwamfuta tsananin binciken asali da tsara.

Musabbabin al'amarin shi ne, da na ajiye aikin koyarwa, sai na ƙudurta tattara abin da na ji daga bakin dattawan Matankari da Lugu da Tibiri game da sarautun Arewa, da karon Sarauniya da rundunar Voulet da Chanoine a 1899, in mayar da shi littafi; ɗan ƙanwata da ke aiki a Yamai kuwa, da labari ya iske shi, ya aiko mini da wata kwamfuta mai Pentium III da Windows 98 wadda ofishinsu ya sallama, haɗe da saƙon cewa, "Kawu, lafiyarta lau, ɗan ƙari kawai take so."

Lafiyar tata kuwa ita ce, kullum ta farka sai ta ba da shaidar zur cewa yau 1 ga Janairun 1999, kuma duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya kamata ya zauna sai ta ajiye ɗan akwati fanko. A haka na rubuta babobin farko, har allon rubutun ya mutu, wani ɗan kasuwa ya kawo mini sabo daga Kamba, mai jerin haruffa irin na Ingilishi, ita kuwa ba ta san kowane jeri ba sai na Faransanci. Na buga "Arewa", ta rubuta "Qrezq".

Na ɗauke ta a bayan kabu-kabu zuwa wurin wani saurayi mai gyara kusa da tasha, wanda da ya kwance murfin ya tarar da ƙurar hunturu ta yi kauri kamar bargo, zanzaro kuma ya gina ɗakinsa a jikin fanka, ya hana ta juyawa. Ya sauya wani ɗan batiri mai kama da kwabo, kwanan wata ya daidaita, sa'an nan ya ce, "Baba, haruffan nan sai Windows XP, ita kuwa ba ta sakewa sai da ram mai mega 128, taka 64 gare ta."

Daga nan babin kafa'a ya buɗe. Ram ɗin da aka aiko daga Yamai haƙoransa 184 ne da tsaga ɗaya, gurbinsa kuwa 168 yake karɓa da tsaga biyu. Sabon faifan ajiya ya zo da siririyar igiya mai baki 7, tsohuwar kuwa ba ta san kowa ba sai faffaɗar nan mai 40. Da muka so kwashe babobina a filashi, sai Windows 98 ta ce ba ta gane filashi sai an ba ta direbansa, direban kuma yana cikin filashin, wanda shi ne ainihin daurin da malaman tauhidi suka hukunta cewa mustahili ne. Kowane baƙo ya zo sai ya nemi a kawo masa danginsa, babban allo ya kira sabuwar ƙwaƙwalwa, ita kuma ta kira sabon gidan wuta, jikkuna suna fita ɗaya bayan ɗaya, har uwargida ta ce, "Malam, sadakina bai kai haka ba."

Daga ƙarshe na komo gida da na'ura mai rubuta ƙ da ɗ da ɓ tsaf, ba abin da ya saura na kyautar ɗan ƙanwata sai gwangwanin waje. Tarkacen da aka cire kuwa na bar wa saurayin sadaka, shi ko ya harhaɗa su cikin kwalin sabulu, suka tashi garau, tun da dama can tsaran juna ne, yana buga wa mutane takardun neman aiki da su.

Sai dai babobina suna cikin tsohon faifan, wanda sabuwar ba ta da gurbinsa. Saboda haka duk ranar Juma'a, in kasuwa ta ci, nakan zauna gaban kwalin sabulu ina kwafe tarihin Sarauniya da alƙalami, ina cike akwatunan da ka, a kan dala ashirin kowace awa. Shi kuwa, da yake yaro ne mai ladabi, yakan ce, "Haba Baba, ai kayanka ne," sa'an nan ya karɓi kuɗin da hannu biyu.