Kano Zuwa Legas a Hutun Kwana Shida

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikacin da ya cika shekara yana aiki hutun aƙalla kwana shida, kuma akwai iyayen gidan da ba sa ƙara ko yini ɗaya a kai. A cikin kwana shidan nan ne bawan Allah zai ɗauki biro ya tsara wa iyalinsa tafiya daga Kano zuwa Legas a motarsa. Lissafinsa mai sauƙi ne. Hanya ta ɗan haura kilomita 1,000, hukumar kiyaye haɗurra ta yarda da gudun kilomita 100 a awa a babban titi, to in an tashi bayan asuba ai magariba a bakin teku za a yi ta. Ni kuwa na ce duk wanda ya auna hanyar ƙasar nan da kilomita ya ɓata tun bai ta da mota ba. Da yawan tsayawa ake auna ta.

A ƙirga mana. Akwai shingayen bincike, inda za a nemi takardun mota, a same su cif, sai a koma kan tukunyar kashe gobara. Akwai tirelolin da suka mayar da gefen titi ɗakin kwana a Mararrabar Jos da Tafa. Akwai yaran da ba su taɓa jin fitsari lokaci ɗaya ba. Akwai mai faci, wanda zai shafa wa taya ruwan omo ya tsuguna yana jiran kumfa, ya gano hujin, sannan ya tuna injin iskarsa babu mai, ya tura yaronsa da galan. Duk waɗannan masu sauƙi ne a kan dangi. Gwaggon Zariya ta riga ta ji labarin tafiyar, ko ta bakin wa oho. "Gaisawa kawai za mu yi, Gwaggo," in ji maigida yana tsaye riƙe da makulli. "Haba ɗan nan, ka shigo gidana ka fita da yunwa?" Kafin ya ba da amsa an kama kaza. Kawun Kaduna kuma in ya ji an ci a Zariya an wuce shi, sai an yi shekara ana ban haƙuri.

Kogi ma yana da tasa maganar. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun datse hanyar Abuja zuwa Lokoja, motoci suka yi kwanaki a tsaye, ta 2025 kuma ta karya gada a yankin Mokwa, ɗaya hanyar ke nan ta Jebba da Ilorin. Mai hutun damina ya sa wannan a lissafinsa.

Gaskiyar magana, kwana biyu ne zuwa, biyu dawowa. Saura biyu a Legas, rabinsu na gosulo. A mazhabar Malikiyya sai matafiyi ya yi niyyar zaman kwana huɗu yake cika salla, wato mutumin nan zai je ya dawo bai daina ƙasaru ba, kuma wai ya huta. Wani zai ce a yi tafiyar dare a rage lokaci. Direbobin manyan motoci suna yi, amma sana'arsu ce, suna da yaran mota, kuma sun san inda ba a tsayawa ko taya ta fashe. Ma'aikacin ofis da gyangyaɗi ke ɗauka ana labaran ƙarfe tara fa? Wani kuma zai ce ai daɗin yana cikin tafiyar kanta. Mai faɗar haka a kujerar gaba yake zama. A tambayi wadda ke baya da kula a cinya da goyo yana kuka tun daga Okene. Ga kuɗin mai, wanda tun cire tallafi a 2023 ya sa ake kashe na'urar sanyaya mota ana cewa iskar Allah ta fi lafiya.

In Legas ta zama dole, a bar motar a gida a hau jirgi. In kuwa tuƙin ake marmari, ga Yankari a jihar Bauchi, a tashi da safe a yi la'asar kusa da ruwan ɗumi na Wikki, a kwana huɗu ana cika salla. Gwaggon Zariya ba ta kan wannan hanyar. Sai dai a bincika tukuna ko babu wata a Birnin Kudu ko Ningi.