Har da Na Jaririn, Sabo Fil

Masu buga baƙar leda ya kamata a tuhuma, domin ban ga dalilin da zai sa takardun mota da kashin jariri su sami gida iri ɗaya ba.

Hutun Sallah ne na ce wa mai ɗakina bana ƙasar waje za mu. Ta yi ta murna, sai da ta ji Maraɗi ce murnar ta ragu. Na ce mata duk inda aka canza kuɗi aka ga wata tuta, ƙasar waje ce, kuma tun da aka sake buɗe iyaka a watan Maris na 2024, bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin Yulin 2023, nake son in kai iyalina tafkin Madarunfa, mu ci cuku da kilishi a gidansu. Da hantsi muka bar Ƙauran Namoda, don hanyarmu yanzu ba a yi mata sammako, ba a kuma bari yamma ta yi, kowa ya san dalili. A Zurmi muka ɗauki surukata. Ƙanena na tuƙi, ni ina gefensa cikin farar shadda da ta sha bugu, baya kuma mai ɗakina da Inna da yaron, ɗan wata bakwai. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ɗan fari ne.

Kafin Gurbin Bore yaron ya yi aikinsa. Ba a tsayawa a wannan dajin, saboda haka mota na gudu aka canza masa famfas, gilasai duka a sauke. Uwarsa ta ɗaure abin cikin baƙar leda, ɗaurin mugunta, ta tura ƙarƙashin kujerata sai an sami bola. Ni ma ina da tawa baƙar ledar: takardun mota, katunan shaida, katin allurar shawara, da katin rigakafin yaron da aka sabunta ana gobe za mu tashi. A Magama, bayan Jibiya, na nuna su ga namu jami'an, na miƙa ledar baya ba tare da na waiwaya ba, don ba a haɗa ido da suruka.

Can a hanyar Ɗan Issa muka tarar da igiya a gicciye, rumfa, tebur, da wani jandarma dogo mai gashin baki. Na zura hannu ƙarƙashin kujera, na jawo leda, na gyara hula, na fita. Na ji ta da ɗumi da laushi kamar ƙullin tuwo, amma na ce a raina zafin bazara ne, kuma wataƙila uwar yaron ta naɗe takardun a ɗankwali.

A rumfar akwai direbobi, akwai mata 'yan kasuwa, akwai wani tsoho ɗan canji zaune kan tabarma da damin sefa a gabansa. Tun Zurmi nake bitar gaisuwata, saboda haka na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Bonjur mushe!"

"Papiye," in ji shi.

Na aza ledar a tsakiyar teburinsa, kan babban littafin da yake rubuta sunaye. Da hannu biyu na aza ta, don girmamawa. Ya ja ƙullin, ƙulli ya ƙi. Ya sa farce, ya ƙi. Ya dube ni. A nan ne bakina ya buɗe da kansa.

"Yi haƙuri mushe, abin mai muhimmanci ne shi ya sa aka ɗaure da kyau. Komai na ciki. Har da na jaririn, sabo fil."

Na faɗa ina murmushi. Har da ɗan buga ledar da yatsa.

Ya gyaɗa kai, irin na wanda ya gamu da matafiyi mai tsari. Sannan ya ɗaga ledar ya kai bakinsa, ya sa haƙori a ƙullin. Ina tsaye ina kallo, ina ma taya shi da ido, ina cewa, "Yawwa, ja nan gefen." Ƙulli ya saki. Bai leƙa ba. Wani direba ya yi masa magana daga hagu, ya juya kai yana amsawa, hannunsa na dama kuma ya shiga ledar har wuyan hannu, yana laluben katin shaida.

Ban san tsawon lokacin da hannun ya yi a ciki ba. A agogo ba zai kai komai ba, amma ni a nan na tsufa. Na ga maganar da yake yi wa direban ta tsinke a tsakiya. Na ga gashin bakinsa ya motsa shi kaɗai. Sai warin ya iso, warin da ya yi tafiya tun daga ƙasar Zurmi, ya ƙetare Jihar Katsina, ya dahu a ƙarƙashin kujera kusa da injin, ya shigo Jamhuriyar Nijar ba biza. Matan suka ja mayafi kan hanci. Wani yaro mai tallan ruwa ya ajiye bokitinsa don ya kalla da kyau.

Jandarman ya juyo a hankali. Bai fitar da hannun ba, ina jin yana tsoron ganinsa ne.

"Mi ne ne wanga?"

Duk Faransancina ya gudu, Hausar ma ta bi shi. Abin da kawai ke yawo a kaina shi ne muryata tana cewa sabo fil, da yatsana yana buga ledar, da haƙoransa a ƙullin. Ja nan gefen. Ni na ce masa ja nan gefen.

Tsohon ɗan canjin ne ya taso, ya bar kuɗinsa a tabarma, ya zo ya leƙa ledar ta gefen hannun hukuma. Ya daɗe yana dubawa, kansa a karkace.

"Haƙora na," ya ce. "Na sama. Alhaji, ɗiyanka haƙoran sama shika fiddawa, dubi launin."

Ban duba ba.

"Ai da ka tambaye ni tun a gida," ya ci gaba, ni da ban taɓa ganinsa ba a duniya. "Mai tafiya da jinjiri ba ya biyowa ta Jibiya da rana tsaka. Ta Shinkafi za ka bi, ka faɗa Isa, ka fito Sabon Birni. Can iska ta fi kaɗawa, ko an buɗe ba a ji."

Na ce, "Baba, na gode."

"Kuma takarda ba a sa ta a leda. A hula ake sa ta. Ni shekara da shekaru takardata na cikin hulata, ka taɓa jin yaro ya yi kashi a hula?" Ya cire hular ya nuna mini. Babu komai a ciki. Ya mayar, bai ji komai ba.

Sannan ya juya ga jandarman, wanda aka kawo wa buta da sabulu yana wanke hannu yana kallon sama. "Kai kuma ka gode Allah. Na ɗan fari na, kuma bai fara cin tuwo ba. Arziki ya same ka, bana sai ka ƙara igiya a kafaɗa."

Jandarman bai amsa ba. Gaskiya mutumin kirki ne, don da ni ne a kujerarsa da yanzu wani yana ɗaki mai ƙaramar taga. Ya wanke, ya sake wankewa, ya kurkure baki, ya tofar, ya kurkure kuma. Sai ya ce mini, murya ƙasa ƙasa, "Papiye. Na gaskiya. Kai za ka buɗe."

Na koma mota ina jan ƙafa. Ƙanena ya kifa kai a sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Yaron yana barci abinsa. Ledar takardun kuwa tana kan cinyar Inna, ta ɗora hannu biyu a kai. Ta miƙa wa 'yarta, 'yarta ta miƙo mini, sai na ji tana gaya mata, fuskarta a wajen taga: "Tun da ya jawo waccan na gani. To ya zan yi, in kira shi?"

Aka duba takardu daga nesa, ni ke buɗe kowane shafi ina ɗagawa. Aka sauke igiya. Mun fara tafiya ke nan na ji ana bugun bayan mota. Tsohon ne, yana haki, ya sake ɗaure ledar da kyau, ya zuro mini ita ta taga kan farar shaddata.

"Kun mance kayanku. Kar ku yar, in kun isa Maraɗi ku nuna wa wanzami. Sefa fa, ta nawa za a ba ka?"