Madalla da Wasiƙar da Ba Ta da Adireshi

Duk mai cewa manyan masana ba su damu da talaka ba, bai taɓa leƙa ɗakin jarrabawar IELTS ba. Tun 1989 ake yin wannan jarrabawa ta Turanci, wadda British Council da IDP ta Ostireliya da Cambridge suke riƙe da ita. A ɓangarenta na masu neman ƙaura da aiki, abin da ake fara sa mutum ya rubuta shi ne wasiƙa, kuma sau da yawa wasiƙar koke ce. Ka sayi firji ya ƙi sanyi, ko ka kai kwat wanki an dawo maka da ita a ƙone. An ba ka kamar minti 20, ka kawo kalmomi aƙalla 150. Wane tausayi ne ya kai wannan? Tun mutum bai taka ƙasar mutane ba an hango masa cewa za a cuce shi, an kuma tsaya a tabbatar ya iya kuka cikin ladabi.

Alherin farko shi ne ba sai ka sayi komai ba. Firjin babu shi, kantin babu shi, ranar sayen ma kai za ka ƙago ta. Magidancin da ya shekara arba'in bai taɓa ƙulla wa kowa sharri ba, ga shi an ba shi dama ya zauna ya shirya wa wani kanti ƙage tsaf, har da launin firjin da irin ƙarar da yake yi cikin dare. Wanda ya fi iya tsara zancen shi ne ya fi samun maki, kuma babu mai tambayarsa rasit. Takardar tambayar da kanta take gaya maka cewa ba sai ka rubuta adireshi ba. Nan ne hikimar ta kai ƙarshe. Dubban wasiƙun koke ake rubutawa, an ƙawata su, an jera hujjoji, amma ba a taɓa jin wani manajan kanti ya rasa barci saboda ɗaya daga cikinsu ba. Mai koke ya amayar da abin da ke ransa, wanda aka koka da shi bai ji ba, zumunci bai ɓaci ba.

Abubuwa huɗu mai duba takarda yake aunawa: ko ka taɓo duk abin da aka ce ka taɓo da murya mai dacewa, ko zancenka ya ɗinku, yawan kalmomin da ka sani, da ingancin nahawunka. Daga nan ya yanka maka maki, mafi yawansa 9. Ku lura da kyau, babu inda aka tambaya ko wannan wasiƙa za ta sa a canja maka firji. Wannan ai tambayar 'yan kasuwa ce, ba ta masu ilimi ba.

Je ka ɗaya daga cikin wuraren da ake koyar da masu shirin jarrabawar, a Kano ko Kaduna, da yamma bayan an tashi aiki. Za ka tarar da manya, wasu da furfura, sun duƙa suna haddace jimlar buɗe wasiƙa, wadda ke sanar da Maigida ko Uwargida da ba a sani ba cewa ana rubutowa ne don bayyana rashin gamsuwa. A cikinsu akwai irin hajiyar nan mai harkar atamfa, wadda idan dila ya haɗa ta da jabu a Kantin Kwari, kafin la'asar ta karɓo kuɗinta cif, har da na mota. Ta rubuta tata wasiƙar cikin layi biyar: ga abin da na saya, ga ranar, ga aibinsa, a ba ni kuɗina nan da mako guda ko mu haɗu a gaba.

Malamin ya karanta ya girgiza kai. “Hajiya, wannan ai faɗa ne. Kuma kalmominki ba su kai rabin abin da ake so ba.”

“To Malam, ai cutata aka yi. Me ya rage ban faɗa ba?”

“Ba a cuce ki ba, Hajiya, firjin ma babu shi. Ki ƙara musu da cewa kin daɗe kina jin daɗin hulɗa da su, kuma kina sauraron amsarsu cikin ɗoki.”

Ta ƙara. Da sannu wasiƙarta ta yi tsawo, ta yi laushi, wa'adin mako gudan ya ɓace a tsakiyar gaisuwa. Malam ya ce yanzu ta kama hanyar maki 6. Ba ƙaramin aiki ba ne a ɗauki mace mai iya ƙwatar haƙƙinta a mayar da ita mai iya sakin layi, kuma ya kamata a yaba wa waɗanda suka yi shi.

Makin nan 6 ba abin wasa ba ne, don shi ne mafi ƙaranci da Kanada take nema a karatu da rubutu da saurare da magana ga ƙwararren ma'aikacin da ke son shiga ta babban tsarinta na tarayya. Idan Allah ya sa Hajiya ta sauka a Toronto, za ta iske dokar lardin Ontario ta ba mai saye kwana 10 ya janye daga yarjejeniyar da wani ɗan talla ya sa shi ya rattaba wa hannu a cikin gidansa, ba tare da ya kawo dalili ba. Wanda ya nufi Birtaniya kuma, wata doka ta 2015 ta ba shi kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa. Layi ɗaya da ya ambaci irin wannan doka ya fi shafi guda na ladabi tsorata mai kanti. Jarrabawar ba ta wahalar da kowa da wannan ba, kuma ta kyauta. Harshe take aunawa, in ji masu ita, haƙƙi kuwa kowa ya nemo nasa. An koya wa mutum iyo a tsakar gida, an ba shi takardar shaida, kogi kuma sai ranar da ya gan shi. Balle ma yau akasarin koke ba a wasiƙa ake yin sa ba. Wani ɗan akwati ne a shafin kamfani, na'ura ce ke amsa maka, ko ka riƙe waya kana jin kiɗa har katinka ya ƙare.

Masu jarrabawar sun kuma yi tunanin cewa ilimi yana tsufa, don haka hukumomi ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara biyu. Wanda ya iya koke a bana, idan takardun tafiyarsa suka yi jinkiri, sai ya sake biya ya sake sayen wani firjin.

Ga wanda ya ga an tauye masa maki, an buɗe masa ƙofa, don masu koyar da koke ba za su toshe kunnensu ga koke ba. Yana da mako shida daga ranar jarrabawa ya nemi a sake duba takardarsa. Zai fara biyan kuɗi tukuna, kuma ba za a mayar masa ba sai idan makin ya ƙaru. A wannan koken, wanda shi kaɗai ne na gaske a duk harkar, ba a buƙatar kalmomi 150, ba a duba nahawu, ba a neman Maigida ko Uwargida. Fom ne zai cike, ya haɗa da shaidar biyan kuɗi.