Yadda Za Ka Zama Ɗan Jaridar Babur a Badarawa

Ƙanena, tunda ka gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda, ka kuma rantse sai ka zama ɗan jaridar babura, matso in ba ka abin da ya samu. Na san abin da ya ruɗe ka: Turawan Ingila masu Motor Cycle News, jaridar da ake bugawa tun 1955, waɗanda ake miƙa wa sabon mashin su sha iska, su dawo su rubuta cewa kujerar ta ɗan yi tauri. Cire wannan a ranka. Nan ko fulogi ba mai ba ka aro.

Fara gyara bakinka. In ka shiga tasha kana cewa "ɗan acaɓa", an san a Kano ka yi zama. Mu kabu-kabu muka sani. Kada kuma ka yi sallama da biro da littafi a hannu, za a ɗauka haraji ka zo karɓa, kafin ka zauna inuwa ta watse.

Gwajin mashin shi ne ƙashin bayan aikin. Bature gudu yake aunawa, mu kuwa ba a alfahari da gudu sai ranar da ta ɓaci. Abin da mai karatunka ke son ji game da Boxer, ɗan kamfanin Bajaj na Indiya, shi ne buhun gero nawa yake kaiwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, in akwai tsohuwa a saman kaya da akuya a kan tanki. In ya faɗa yashi, giya ɗaya na fitar da shi, ko sai fasinja ya sauka ya tura? In ya tura, za a rage masa kuɗin hawa? Wannan mas'alar har yau malamai ba su yi ittifaƙi a kanta ba. Batun shan mai ma kada ka rubuta shi da lita. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, da kwalba ake lissafi. Ka lura da yadda mai mashin ke kashe inji da zarar an hau gangara, da yadda yake buɗe tanki ya girgiza, ya kara kunne kamar likita a ƙirjin majinyaci. Abin da ya ji, shi ne rahotonka.

Edita kuwa, nemi bakanike. Zai busa kafireta da baki, ya tofar, ya gaya maka mashin ɗin da ke cin sarƙa da wanda ke shan baƙin mai. Ba ya karɓar albashi, shayi dai da burodi.

Sai haddar dokoki, ita ce mai wuya don ba sa ƙarewa. A 2013 Kano ta hana acaɓa. A 2019 sojoji suka hana hawa babur a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Zamfara. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka katse layukan waya. A kan babur 'yan bindiga ke zuwa, shi ya sa duk bulalar da aka ɗaga musu, a gadon bayan ɗan kabu-kabu take fara sauka. To, lokacin da waya ta zama fitila kawai, wa ke kai labarin haihuwa da rasuwa daga Zurmi zuwa Ƙaura, daga Moriki zuwa Shinkafi? Ka ga ashe 'yan kabu-kabu sun riga ka shiga aikin jarida. Ka riƙa gaishe su da ladabi.

Ka ce kana son taimakon su. Madalla. Biya kuɗin hawa tukuna. Katin ɗan jarida ba ya tayar da inji. In an zagayo da asusun wanda ya karye ko wanda aka ƙwace wa mashin, kada wayarka ta yi ƙarar ƙarya. In wani ya gaya maka hanyar da yake bi ya tsira, wannan ba labari ba ne, amana ce: ba suna, ba hoto, ba sunan ƙauye.

Ran da rubutunka na farko ya fito, kai wa ɗan kabu-kabunka har tasha ka karanta masa. Zai gyaɗa kai ya ce, "Oga, ka yi ƙoƙari." Sannan ya tuna maka da cikon kuɗin ranar Alhamis, don ka tura mashin ne kawai, ba ka ɗauke shi ba.