Ranar da Mazagi Ya Ci Amanata a Kasuwar Tawa

Jiya Lahadi abin ya faru, kuma har yanzu ban leƙa ƙofar gida ba. Ko sallar asuba a ɗaka na yi ta.

Ɗan ƙanwata ne ya ja mini. Ya samo wani tsohon shirin tele na BBC a wayarsa, Top Gear, inda Turawa uku suka sayi kwarababbun motoci a 2007 suka ratsa fakon gishiri na Makgadikgadi a Botswana. Ɗayansu, Richard Hammond, har suna ya raɗa wa Opel ɗinsa ta 1963, yana kiranta Oliver kamar ɗan cikinsa. Yaron ya ce, "Kawu, waɗannan fa biyansu ake yi don motarsu ta mace a hanya. Mu da tamu ke macewa kyauta kullum, me muke jira?"

Na rasa amsa, kuma daga nan na shiga uku.

Namu shirin dai shi ne mu tashi daga Tawa mu bi hanyar Agadas, wadda aka shimfiɗa saboda manyan motocin yuraniyom na Arlit, mu yi kamar kilomita 50 zuwa Tabalak, mu ci soyayyen kifi a bakin tafki, mu dawo. Ni ne mai gabatarwa, don ni kaɗai ke da babbar riga mai aiki. Mota kuwa ta maƙwabcinmu ce, Peugeot 504 bashe, irin waɗanda Turawa ke ratso hamada da su ta Tamanrasset a shekarun 1980, su sayar a nan su koma gida ta jirgi. Ba ta da laifi, baiwar Allah. Ta yi shekara da shekaru tana jidar albasa, batirinta ne kawai ya riga ta tsufa, ba ta tashi sai da turi.

Kafin mu tashi yaron ya maƙala mini 'yar makirfo a wuya, ya rataya akwatinta mai nauyin dutsen guga a ƙugun wandona. Ku riƙe wannan akwati a ranku.

Ba mu kai Tabalak ba. Ba mu ma fita gari ba. A gefen kasuwa, daidai inda za ta hau kwalta daga rairayi, ta yi tari biyu ta yi shiru. Ranar Lahadi kuwa, wanda ya san Tawa ya san abin da nake nufi: Buzaye da raƙumansu, Fulani da shanunsu, mutanen Kaita da Buza da Illela, duk Adar ta hallara. Mai mota yana kan sitiyari, yaro yana riƙe da waya. Saura wa? "Kawu, tura! Ai wannan shi ne shirin!"

Na tuɓe babbar riga na ninke ta a bayan mota don kada ta yi baƙin mai. Ya rage daga ni sai 'yar shara da ba ta wuce cibiya da yawa ba. Na dafa hannu biyu, na yi bisimilla, na tura. Ta motsa. Tayoyin gaba suka hau kwalta, na baya suna kan gangara, duk nauyinta ya dawo kan tafukana. Na ja numfashi, na kumbura ciki don in yi turin ƙarshe.

Ɗas.

Ƙaramar ƙara ce, ko akuyar da ke kusa ba ta ɗaga kai ba. Amma ni na ji ta har cikin haƙorina. Mazagi ne. Da wandon kaɗai ne, da ƙila ya tsaya a ƙugu ya yi mini kara. Sai dai akwai akwatin nan. Ya ja shi ƙasa sannu a hankali, kamar ana sauke tuta da yamma. Na ji shi ya bar ƙugu. Na buɗe ƙafafu don in tare shi a cinya, ya wuce. Na haɗe gwiwoyi, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya sulale ya kwanta a idon sawu. Iskar kasuwa ta gaishe ni.

A ƙarƙashi kuwa gajeren wando ne rawaya mai zanen abarba, tsarabar wani ɗan'uwa daga ci-rani.

To ga lissafin: in na saki mota, ta gangaro ta bi ta kaina. In ban sake ta ba, ina nan yadda nake. Gaba kura, baya sayaki. Na yi wa mai mota ihu ya ja birkin hannu, ya leƙo ya ce rabonta da birkin hannu tun zamanin shugaba Kountché.

Nan wani tsoho ya taso daga rumfar mai shayi, kofi a hannu, ya tsaya a gefena yana nazari kamar likita.

"Kak ka sake ta, ɗana."

"Baba, ban da niyya. Ku taimake ni da dutse a bayan taya."

"Dutse ba shi tada mota. Mu da munka yi shekara ashirin Abijan mun san wagga cuta. Da baya aka tura ta."

"Baba, wandona..."

Ya sunkuya, ya dubi abarba da kyau, fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan garinsu. "Wanga na kasuwar Adjamé ne! Na san layin da aka saida shi. Nawa anka ce maka? In ya wuce jikka guda an cuce ka."

Ya juya ga taron da ya fara kewaye mu, ya shiga bayani. Wai lokacin da tseren Paris-Dakar ke biyowa ta Tawa, da idonsa ya ga Nasara sun sace iskar taya sun fita daga rairayi, don haka a sace iskar. Wani ya ce ai kan kwalta take. Ya ce to a ƙara mata. Ya ce a yanka albasa a goga wa kan batir. Ya ce a kira yaro ɗan fari ya zauna kan bonet. Ya kurɓi shayi, ya dube ni, ya ce kuskurena tun daga gida ne, don mai hankali ba ya turin mota da ƙulli guda. Har ya ajiye kofi ya nuna wa jama'a yadda ake ƙulli biyu a nasa mazagin. Hannuwan nan biyu, da ya ɗora su kan motar minti ɗaya, da na tsira.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Taron ya dare, sai ga surukina, baban maiɗakina, ya zo sayen rago.

Shekara 11 da aurena, mutumin nan bai taɓa ganin kaina ba hula ba. In na hango shi daga nesa nakan tuɓe takalmi in durƙusa. Jiya ya ga abarba. Jikina ya so durƙusawa da kansa, gwiwoyi suka fara lanƙwashewa, motar ta matso, na miƙe. Daga tsaye, ina kallon ƙasa, na ce, "Baba, ina wuni." Makirfo tana nan a wuyana, ta ɗauki muryar tsaf, siririya kamar ta ɗan akuya.

Dattijo ne na gaske. Bai amsa ba, bai gan ni ba. Ya juya ga wani Buzu ya fara taya raƙumi. Mutumin da ko jaki bai da wurin ɗaurewa, ya tsaya yana duba haƙoran raƙumi, yana jayayya kan kuɗi, ƙeyarsa tana gumi, har sai da wasu samari suka gama dariya suka kama mini motar.

Da na ɗaure wando da igiyar buhu, mai mota ya duba ya ga ashe bai murɗa makulli ba.

"Na gani tun ɗazu," in ji tsohon. "Ban so in ɓata muku tele."

Yau da hantsi aka aiko yaro daga gidan surukina da 'yar leda. Ba saƙo, ba gaisuwa. Mazagi ne, guda biyu.